Faifan da na tsinta a akwatin Kawu: fiyano da bes kawai, ba ganga ba murya

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman wanda zai fid da ni daga duhu. Watan jiya muka zauna rabon kayan marigayi Kawu, Allah ya jiƙansa, aka jawo wata akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gadonsa. Takardun aiki ne da tsofaffin hotuna, sai faya-fayen CD ɗaure da roba. Ba wanda ya kula su, aka ce Tela ya kwashe tunda shi ne mai kwana a shago. A ciki akwai wani mai suna Night and the City, da sunan mutum biyu a jiki, Charlie Haden da Kenny Barron. An rubuta cewa a wani wuri da ake kira Iridium a birnin Niyok aka ɗauke shi, a 1996.

Daren farko da na sa a rediyon shago ban kai minti biyar ba na zare, na ce wannan ai kiɗan jiran likita ne. Dare na uku aka ɗauke wuta, ga ankon biki kala 14 da zan miƙa ranar Juma'a. Na koma keken ƙafa da fitilar caji, na zuba wa rediyo batir, sai hannuna ya sake faɗawa kan faifan nan. Wajen ƙarfe ɗaya maƙwabcina ya kashe janareta, unguwa ta yi tsit. A nan na fara jin akwai wani abu a ƙarƙashin fiyanon, mai kauri, dum, a dakata, dum, kamar ƙaton mutum na takawa a saman soro ba ya son ya ta da masu barci. Na ɗauke ƙafa daga keke. Wallahi sai da aka yi tafi a ƙarshe na farga ashe akwai jama'a a wurin, har sai da na waiwaya bayana.

Su wane ne mutanen nan? Me ya hana su sa ganga? Kuma abin da suke kaɗawa sananne ne, ko nan take suke ƙago shi?

Sarkin Gardama:
Allah ya jiƙan Kawu. Amma Tela, rashin barci ne ke damunka. Wanda ya yi kwana uku a kan keke ko kukan firij ya ji sai ya ce kiɗa ne. Yanzu na nemo shi a YouTube na ji minti uku. Mutum ɗaya ne ke latse-latse kamar mai laluben lambar wayar da ya manta. Na biyun kuwa ban ji ɗuriyarsa ba. An biya shi kuwa?

Injiniyan Sauti:
Sarki, da me ka saurara?

Sarkin Gardama:
Da wayata mana. Da me kake so in ji, da tukunya?

Injiniyan Sauti:
To ka ji rabin faifai. Bes ɗin da ake magana ba jitar lantarki ba ce. Ƙaton abu ne mai siffar goge, a ƙasa ake kafa shi, tsayinsa ya kai na mutum, tsirkiya huɗu gare shi. Ana iya goga shi da baka, amma 'yan jaz, wato irin kiɗan Amurka da ke cikin faifan nan, da yatsu suke fizgarsa. Tsirkiyar da ta fi kauri sau 41 kacal take girgiza a sakan ɗaya. Sifikar waya 'yar mitsitsiya ce, ba ta da ƙarfin tura iskar da za ta fitar da wannan sautin, sai ta yar da shi ta bar maka fiyano tsirara. Ka nemi iyafis na kirki, ko ka shiga mota ka rufe gilashi. Rediyon Tela ma don tsohuwa ce mai babbar sifika, shi ya sa ya ji.

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Tela, ɗana, Allah ya gafarta wa kawunka. Mutumin ya san abin da yake ajiyewa.

Bari in fara da mai bes. An haifi Charlie Haden a 1937 a jihar Ayowa ta Amurka, gidansu gidan mawaƙan karkara ne, suna da shiri a rediyo, tun yana ɗan shekara 2 ake ɗora shi gaban makirufo yana rerawa. Yana da shekara 15 shan inna ta kama shi, ba a ƙafa ba, a maƙogwaro, muryar waƙa ta tafi. Sai ya koma wa bes. A 1959 yana cikin mutum huɗun mai busa Ornette Coleman da suka hargitsa duniyar jaz da wani salo mara linzami, wasu suka ce sabon zamani ne, wasu suka ce hauka ne. Ka ga ke nan mutumin da ka ji yana takawa a hankali ya san hayaniya, ya yi ta har ya gaji. Kuma ba mutumin banza ba ne a wajenmu 'yan Afirka: a 1971 a wani bikin kiɗa a ƙasar Fotugal ya tsaya gaban jama'a ya sadaukar da kiɗansa ga masu fafutukar 'yancin Angola da Mozambik da Gini Bisau, alhali Fotugal ɗin ce ke mulkinsu. Washegari 'yan sandan ciki suka cafke shi a filin jirgin Lisbon, sai da ofishin jakadancin Amurka ya sa baki.

Mai fiyano, Kenny Barron, baƙar fata ne ɗan Filadelfiya, haihuwar 1943. Bai cika shekara 20 ba shahararren mai busa Dizzy Gillespie ya ɗauke shi a ƙungiyarsa. Ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Rutgers. A ƙarshen rayuwar Stan Getz, wani babban mai busa, shi ne na hannun damansa, har suka yi wasa su biyu rak a Danmak a watan Maris na 1991, wata uku kafin Getz ya mutu.

Lokacin da aka ɗauki faifan hannunka Haden na da 59, Barron na da 53. Darare uku aka yi ana ɗauka, 20 zuwa 22 ga Satumba, kamfanin Verve ya fitar a 1998. Kiɗa bakwai ne a ciki. Na farko na Barron ne, na shida Haden ya tsara wa matarsa Ruth, sauran biyar tsofaffin waƙoƙin soyayya ne na shekarun 1930 da 1940.

Gimbiyar Damagaram:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Maganar shan innar nan ta tsaya mini a rai, don mu da muka yi shekaru muna bin gida-gida da ɗigon rigakafi, ƙafa kawai muke nuna wa iyaye. Akwai irin da ke kama jijiyoyin haɗiya da numfashi, shi ne ya same shi. Kuma ciwon kan dawo wa mutum da tsufa, haka ya dawo masa kafin rasuwarsa a 2014.

Na san faifan nan, ina sa shi idan ina aikin dare a gidan likita, can wajen ƙarfe uku in majinyata sun samu barci. Yanzu da Baba ya ce mawaƙi ne tun asali, na gane abin da nake ji. In Barron ya ja baya ya bar masa fili, Haden ba ya gudu a kan tsirkiya. Yakan yi jimla gajera, ya tsaya daidai inda mai rerawa zai ja numfashi, sannan ya ci gaba. Mutum ne da aka ƙwace wa murya ya je ya samo wata a jikin katako.

Sarkin Gardama:
Hajiya, kin iya magana, amma bari in yi tawa. A wurinmu kiɗa bawan waƙa ne. Shata in ya buɗe baki ka san wa yake yi wa, me ya yi, me ya sa. Ko Ɗan Maraya da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ai maganar ce ke riƙe ka, kuntigi rakiya yake yi. Su waɗannan sun ɗauko waƙar soyayya, sun zubar da baitocin, sun bar ƙashi. Kamar a kawo maka tuwo a ce miyar tana cikin zuciyarka.

Baban Ummi:
Sarki, ka taɓa zuwa gidan dambe?

Sarkin Gardama:
Ranka ya daɗe, a nan na girma.

Baban Ummi:
To in mai kalangu ya saki taken wani ɗan dambe, kafin mawaƙi ya ce uffan, me ke sa fili ya ruɗe? Ai kowa ya riga ya san abin da kalangun ke faɗa. Haka in aka busa algaita a ƙofar fada, ba a furta kalma ba, amma dattawa na jin kirarin a kansu. Mutanen da ke zaune a Iridium daren nan haka suke. Body and Soul tun 1930 ake rera ta, iyayensu sun yi zawarci da ita. For Heaven's Sake da You Don't Know What Love Is duk shahararriyar mawaƙiya Billie Holiday ta rera su a faifai ɗaya a 1958, lokacin muryarta ta dushe. Barron na taɓa maɓalli huɗu na farko sun san inda aka dosa. Miyar tana nan, kai ne ba ka taso a gidan ba.

Wannan kuma shi ne amsar tambayar Tela ta uku. Sukan fara da waƙar yadda aka santa, sau ɗaya. Daga nan sai su riƙe ginshiƙinta, wato jerin sautukan da aka ɗora ta a kai, su yi ta zagayawa suna sabon gini a kansa nan take. Can a ƙarshe su dawo gida. Shi ya sa waƙar minti uku ke komawa minti goma.

Sarkin Gardama:
Na karɓi misalin take, ya zauna. Amma take tsuma mutum yake, ya miƙe ya ɗaura zare. Wannan kwantar da mutum yake.

Gimbiyar Damagaram:
Sarewar ɗan Fulani a bayan shanu da yamma fa, wa take tsumawa? Ba kowane kiɗa ne na fili ba, Yaya.

Ɗan Zongo a Bronx:
Gaisuwa ga manya. Ni ɗan Kumasi ne, shekara 16 ina jan tasi a Niyok. Iridium ɗin da na sani a kan titin Broadway yake, amma ba inda aka yi wannan faifan ba ne. Wancan lokacin yana can sama kusa da Lincoln Center, daga baya suka tashi. Irin wuraren nan galibi a ƙarƙashin ƙasa suke, ka sauka matakala, tebura ƙanana a matse, gwiwarka na gugar ta wanda ba ka sani ba. Da an fara, a rage fitila, mai kawo abinci ma raɗa yake yi.

Wani dare na ɗauki wani saurayi da bes ɗinsa a cikin jaka. But ya ƙi ɗauka, kujerar baya ta ƙi, sai da na kwantar da kujerar gaba muka zura shi, wuyan abin na zungurin kunnena, mai shi ya takure a baya yana rungume da cikinsa kamar mai rakiyar mara lafiya. Duk ramin da na faɗa sai in ji ya yi nishi, shi da kayan duka. Tun ranar nake girmama masu wannan sana'a.

Sarkin Gardama:
To Ɗan Zongo, faɗa mana gaskiya, ba a shan giya a wurin?

Ɗan Zongo a Bronx:
Ana sha. Ba zan ɓoye ba.

Baban Ummi:
Ana sha, kuma cikin makaɗan kansu akwai waɗanda abin ya dama. Yusef Lateef, Musulmi ne mai busa, Barron ya yi shekaru a ƙungiyarsa a farkon shekarun 1970. Daga baya Lateef ya daina wasa a duk inda ake sayar da giya. Wannan Lateef ɗin ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985, yana bincike a cibiyar nazarin al'adu ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma sarewar Fulani da Gimbiya ta ambata na cikin abin da ya nazarta. Ina ɗalibi a Samaru lokacin, na sha hango shi, ƙaton dattijo mai natsuwa. Ba mu san ko wane ne ba sai bayan ya tafi. Har yau abin na ci mini rai.

Saura maganar ganga. Kada ku ɗauka ba su samu makaɗi ba ne. Shekara biyu kafin wannan su biyun sun yi faifai da Roy Haynes a kan ganguna. Fiyano da bes su kaɗai tsohuwar hanya ce, Duke Ellington mai fiyano ya yi ta tun 1939 da 1940 da wani yaro mai bes, Jimmy Blanton, wanda tarin fuka ya kashe yana da shekara 23. Shi ne ya fara nuna cewa bes na iya magana, ba dakon lokaci kawai ba. Sannan a Niyok akwai wata doka da ta daɗe tana hana ƙananan wuraren da ba su da lasisi sa ganga ko kayan busa, sai a shekarun 1980 kotu ta rushe ta. Dole ta sa wurare irin su Bradley's suka zama gidan fiyano da bes, Barron kuwa ɗan gida ne a can. Abin da doka ta tilasta ya zama gwaninta. An rufe Bradley's ɗin a ƙarshen 1996, makonni kaɗan bayan an ɗauki faifan Tela.

Injiniyan Sauti:
In ƙara kan ta Baba. Haden na fama da ƙugin kunne, ƙara mai ƙarfi na yi masa ciwo, har shingen roba mai kama da gilashi ake kafa masa tsakaninsa da mai ganga. A ganina wannan na cikin abin da ya sa ya yi ta yin faifan mutum biyu a ƙarshen rayuwarsa. Kuma tsirkiyoyinsa biyu na sama na hanjin dabba ne, ba ƙarfe ba. Na hanji ba ya ƙyalli, sautinsa na fitowa da kauri ya mutu da wuri, kana jin katakon. Takun soron da Tela ya ji ke nan.

Mu masu aikin situdiyo abin da ke ba mu tsoro a irin wannan shi ne babu maɓoya. A nan Kano in mawaƙi ya kauce muna gyarawa a kwamfuta, in ganga ta yi yawa ta rufe aibin kowa. Mutum biyu a hankali, gaban jama'a, in yatsa ya zame kowa ya ji. Kuma tafiya a hankali ta fi gudu wuya. Ba mai riƙe musu lokaci, kowa a cikinsa yake ƙirgawa, amma su faɗo wuri ɗaya.

Malamar Kimiyya:
Na yi shiru ina karantawa, amma yabon ya fara yawa. Ina son jaz, ina da faifan, kuma ba na sa shi a sahun gaba. Na ɗaya, Injiniya, “babu maɓoya” ɗin nan da sauƙi: darare uku aka ɗauka aka zaɓi bakwai, wanda ya zame ai ba za mu ji shi ba. Na biyu, Barron ya cika ado. Hannunsa na dama ba ya gajiya da kwalliya, ko ina sai ya sa zare, kamar rigar da aiki ya cinye yadin. Haden na ba shi fili, shi kuma yana cikewa. Wanda Haden ya yi da mai fiyano Hank Jones, Steal Away, na waƙoƙin bayin Amurka da na coci, ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba, don Jones ya san inda zai ɗauke hannu. In kuma fiyano da bes ake so mai jinin nahiyar nan, a nemi abin da Abdullah Ibrahim da Johnny Dyani na Afirka ta Kudu suka yi a 1973. Wannan na Iridium sa'a guda ne da wani abu a yanayi ɗaya. A kiɗa na biyar hankalina ya kan tafi kasuwa.

Gimbiyar Damagaram:
Aunty, a kan Barron ban bi ki ba. Da shi ma ya tsuke hannu kamar Haden, da faifan ya zama zaman makoki. Daɗin abin shi ne ɗaya mai yalwar baki ne, ɗaya mai tauna magana. Ki sake jin Spring Is Here. Sunan na cewa bazara ta zo, amma waƙar ta mai kaɗaici ce da bazarar ba ta yi masa komai ba. Adon da Barron ke yi a sama shi ne bazarar, abin da Haden ke yi a ƙasa shi ne mutumin.

Malamar Kimiyya:
Wannan fassararki ce, ƙanwata, kuma ta yi kyau. Ni dai na fi jin mai fiyano da ya san hannunsa na da kyau.

Ɗan Tudun Wada:
Malama, ki yi haƙuri in sa baki a maganar aiki da yadi, tunda nan ne fagena. Aiki kan cinye riga in yadin sakaka ne. In shadda ce mai nauyi, ko aska takwas ka zuba mata ɗauka take. Ni abin da kunnena ya ba ni, mai bes ɗin shadda ne.

Amma na yarda da ke a abu ɗaya, ba na iya jin sa da rana. Na gwada jiya da azahar, masu karɓar ɗinki na shige da fice, yaran shago na dariya, na kashe.

Injiniyan Sauti:
Malama ta kama ni a kan darare uku, na sallama. Sai dai zaɓe daban, faci daban. A irin wannan ɗauka sautin fiyano na shiga makirufon bes, na bes na shiga na fiyano, ba yadda za ka cire kuskuren mutum ɗaya ka bar na ɗayan.

Baban Ummi:
Malama ba ta faɗi ƙarya ba, Steal Away babban aiki ne. Amma a situdiyo aka yi shi. Abin da nake nema a wannan shi ne ɗan shirun da ke biyo bayan sautin ƙarshe kafin hannun farko ya tafa. Ku saurare shi a kiɗa na bakwai.

Ɗan Tudun Wada:
Baba, abin haushin ke nan. Na bakwan ne ba ya kaiwa ƙarshe a nawa. Yana zuwa tsakiya sai ya kama tsalle, tak tak tak, ya tsaya. Na duba bayan faifan, duk gogewa ce a gefen waje, sauran jikin kuwa sumul. Na shafa man goge baki kamar yadda wani yaro ya ce, bai yi ba.

Injiniyan Sauti:
Kai, daina sa masa man goge baki! CD daga ciki yake karantawa zuwa waje, shi ya sa na ƙarshe ne ke gefen da hannu ke taɓawa. Kawo shi situdiyo, akwai manhajar da ke bin wurin a hankali tana maimaitawa har ta tsamo abin da ya rage. In ya ƙi, yana nan a intanet.

Ɗan Tudun Wada:
Na san yana intanet, Yaya. Na Kawu nake son ji.

Sarkin Gardama:
To jama'a, na ari iyafis ɗin ƙanena, na jira yara suka yi barci. Mutum na biyun yana nan, na janye batun albashinsa. Na shidan nan da ya yi wa matarsa, mai taku uku-uku, na ji shi sau biyu. Sauran kuwa ban san yadda suka ƙare ba, sai kiran assalatu na ji, waya a ƙirjina batir ya mutu. Maganata ta farko tana nan.

Gimbiyar Damagaram:
Sau biyu dai ka ce, Yaya. Mun rubuta.

Ɗan Tudun Wada:
Injiniya, Asabar bayan la'asar in Allah ya kai mu. Zan haɗo da sauran faya-fayen, akwai wasu uku da sunan Haden a jiki, ɗaya ko ledarsa ba a ɓare ba.